Wa zai rubuta shawarar idan lauyoyin gwamnati sun tafi?

Duk wanda ya taɓa zama a bencin baya na kotun majistare a wani babban gari na Arewa ya san yadda abin yake tafiya. Magatakarda ya kira suna, wani saurayi ya miƙe tsakanin gandirobobi biyu, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya ce, "Ya mai shari'a, har yanzu muna jiran shawara daga ma'aikatar shari'a." Alƙali ya duba kalanda, ya yanka wata rana, a fita da saurayin zuwa mota. Zaman bai kai minti biyu ba.

Wata rana na ga wata dattijuwa ta bi wani matashin lauyan gwamnati har bakin ƙofa, ta riƙe masa gefen baƙar riga. Ta ce, "Barista, don Allah ɗan nan, wane ne mai ba da shawarar nan? Nuna mini shi in je in durƙusa masa." Ya rusuna ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ofishinmu ne. Ba ni sunan yaron, zan duba ko fayil ɗinsa ya iso." Ta ce zuwanta na bakwai ke nan, kuma kowane zuwa sai ta ci bashin kuɗin mota. Ya rubuta sunan a bayan ɗaya daga cikin tarin fayilolin da ya rungumo, ya wuce da sauri domin ana jiran sa a wata kotun. Shekara ba ta zagayo ba na ji ya bar ma'aikatar, ya samu aiki a wata hukumar tarayya. Na taya shi murna, domin ya cancanta. Amma tun daga ranar nake tunanin hannun da wancan fayil ya koma.

Idan ana maganar jinkirin shari'a a Najeriya, alƙalai ake zagi, sai 'yan sanda. Ba kasafai ake waiwayar ofishin da ke tsakaninsu ba, wato sashen gabatar da ƙararraki na ma'aikatar shari'a ta jiha, wanda darakta ke jagoranta, ana ce masa DPP. Alhali a manyan laifuffuka, galibi ta wannan ƙofa ce ake bi. Sashe na 211 na tsarin mulkin 1999 ya ba Antoni Janar na jiha ikon shigar da ƙarar laifi, da karɓe ta daga hannun wani, da janye ta, kuma ya ba shi damar yin haka ta hannun lauyoyin ma'aikatarsa. Kisan kai, fashi da makami da makamantansu sun fi ƙarfin kotun majistare. 'Yan sanda kan kai wanda ake zargi gabanta ne kawai don a ba da umarnin tsare shi, sannan su aika kundin bincike ma'aikatar shari'a. A can wani lauya zai zauna ya karanta bayanan shaidu, ya duba takardar likita, ya auna ko akwai hujjar da za ta tsaya a kotu. In akwai, ya tsara tuhuma ya shigar a Babbar Kotu. In babu, ya rubuta cewa a sallami mutumin. Wannan takarda ita ce shawarar da dattijuwar nan take nema.

Doka ba ta bar abin a sake ba. Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda aka fi sani da ACJA, ta ce a fitar da shawarar cikin kwana 14 daga ranar da fayil ya iso. Ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14. Ta ce idan an fara shari'a a riƙa zama kullum, in hakan bai yiwu ba kada kowane ɓangare ya wuce ɗage zama sau biyar. Jihohi sun kwaikwaye ta da ɗan bambanci nan da can: Kaduna a 2017, Kano a 2019. Dokar mai kyau ce, waɗanda suka tsara ta sun san ciwon. Sai dai kowane wa'adi a cikinta yana buƙatar mutum a kan kujera, mai lokaci da ƙwarewa. Yau shekaru ke nan alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali suna nuna abu guda: kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Ba dukansu ne shawara ta riƙe ba. Wasu fayil ɗinsu bai ma bar ofishin 'yan sanda ba, wasu an ba su beli sun kasa cika sharaɗi. Amma duk lokacin da Babban Jojin wata jiha ya kai ziyarar rage cunkoso gidan yari, ko a Kurmawa ne ko a wani wuri, cikin waɗanda ake fitowa da su ba a rasa masu wannan labari.

To, me ya sa hannu ya yi ƙaranci? Ba lauyoyi aka rasa ba. Makarantar koyon aikin lauya, daga Bwari har reshenta na Bagauda, tana yaye dubbai kowace shekara, kuma da yawansu suna fama a ofisoshin manyan lauyoyi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan gwamnatin jiha ta yi shelar ɗaukar lauyoyi, takardun neman aiki sai sun cika ɗaki. Saboda haka ɗauka ba ta da wuya, in an so a ɗauka. Inda gizo ke saƙar shi ne riƙe mutum bayan ya iya aikin.

Gabatar da ƙara sana'a ce da ba a gama koyonta a aji. Yaro ya yi shekara biyar a jami'a, shekara ɗaya a makarantar lauya, ya yi bautar ƙasa, amma ranar farko da aka miƙa masa shari'ar kisan kai bai san yadda ake jan shaida ɗan ƙauye da ya firgita ba har ya faɗi abin da ya gani. Bai san yadda ake kare takardar iƙirari ba idan lauyan da ke kare wanda ake tuhuma ya ce duka aka yi kafin a sa hannu, a shiga wata ƙaramar shari'a a cikin babbar. Bai san cewa fayil mai kauri yana iya zama fanko ba. Waɗannan sai a gefen babba ake koyon su, shari'a bayan shari'a, har mutum ya kai inda zai kalli fayil ya ce wannan babu komai a ciki, a saki bawan Allah, kuma ya tsaya a kan maganarsa. Kafin ya kai nan an ci shekara biyar, shida, bakwai. Kuma daidai wannan lokaci ne ƙofofi suke buɗe masa.

Ƙofa mafi kusa ita ce kujerar majistare. Abokin karatunsa da suka fito rana ɗaya, wanda ya bi ta hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha, a jihohi da yawa ya fi shi alawus, ya fi shi daraja a idon jama'a, kuma shi ne zai tsaya a gabansa yana cewa "ya mai shari'a". Wannan ne ya sa ƙungiyar lauyoyin gwamnati ta ƙasa, LOAN, ta daɗe tana neman a daidaita albashinsu da na majistarori, kuma rassanta a jihohi daban-daban sun sha tafiya yajin aiki a kan haka. Wasu jihohin sun daidaita, wasu sun yi alkawari, wasu sun amince a takarda kuɗin bai fito ba. Ƙofa ta biyu ita ce hukumomin tarayya masu nasu lauyoyi, irin su EFCC, ICPC da NDLEA, da bankuna da manyan kamfanoni. Ta uku tana zuwa ne idan ya cika shekara goma da zama lauya, lokacin da tsarin mulki ya halatta a naɗa shi alƙalin Babbar Kotu. A 2023 aka mayar da shekarun ritayar alƙalan manyan kotuna 70, shi kuwa lauyan ma'aikata yana nan a kan shekara 60 ko shekara 35 na aiki. A 2024 aka sa hannu a dokar da ta ƙara albashin manyan alƙalai da kashi 300 cikin ɗari. Sun cancanci ƙarin, sun yi shekaru fiye da goma ba a taɓa albashinsu ba. Amma ƙarin bai sauko kan mai gabatar da ƙara ba, sai tazarar ta ƙara faɗi.

A haɗa wannan da halin da kowa ya shiga tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta je ta haura dubu kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar shekarar. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ya ɗan ɗaga na ƙasa, amma na tsakiya bai ji a jikinsa sosai ba. Ga shi lauyan gwamnati ba shi da damar buɗe nasa ofishi da yamma, domin ka'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulki ta hana ma'aikaci na dindindin gudanar da wata sana'a ko kasuwanci, in ban da noma. Takwaransa mai zaman kansa zai iya rubuta takardar cinikin fili guda ɗaya ya samu abin da shi zai yi wata yana jira. Ban ga laifin wanda ya duba 'ya'yansa ya ce zai tafi ba.

Duk da haka, idan ka zauna da su, ba albashi suke fara ambata ba. Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne yin aikin gwamnati da aljihunsu. Shari'a ba ta tafiya sai da shaidu, shaidu kuwa talakawa ne, yawanci daga nesa. Doka ta tanadi a biya shaida kuɗin zuwa kotu, amma kuɗin ba kasafai yake kasancewa a hannu ranar da ake buƙatarsa ba. Manomi ya bar gonarsa da damina, ya zo sau ɗaya aka ɗage, ya zo sau biyu aka ce alƙali ya tafi taro, karo na uku ba zai zo ba. Ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jihar, likitan da ya rubuta rahoto ya bar ƙasar. Lauya ne zai sa katinsa ya yi ta kira, shi zai biya kuɗin kwafin takardu, wani lokaci shi zai tura wa shaida kuɗin mota. In bai yi ba, shi zai tsaya a gaban alƙali ya sha faɗa, a kori ƙarar a ce ba a bi ta da gaske ba, dangin mamaci kuma su fita suna cewa an saye shi. Wannan zargi ya fi rashin kuɗi zafi ga mutumin kirki.

Akwai kuma waɗanda ba a ƙirga su idan ana maganar ma'aikatan wannan ofishi. Akawun da ke karɓar fayil ya rubuta shi a rajista, mai buga takardu, direba, masinjan da ke kai tuhuma kotu ya dawo da kwafi mai hatimi. Fayil da yawa ba a teburin lauya yake kwana ba, a hanya yake ɓacewa, tsakanin sashen binciken manyan laifuffuka na 'yan sanda da rajistar ma'aikata. Tsohon akawu guda wanda ya san inda komai yake, idan ya yi ritaya ba a horar da magaji ba, ɓarnar da za a yi ta fi ta tafiyar lauya biyu. Na taɓa shiga irin wannan ɗaki: fayiloli ɗaure da igiya tun daga ƙasa har kusa da silin, gara ta fara cin na gindi, mutum ɗaya ne ya san tsarinsu, kuma a kansa yake riƙe da shi.

Yadda ake ɗaukan ma shi ma yana da nasa lahani. Sau da yawa gwamnati takan rufe ƙofar ɗaukar aiki na shekaru, sannan rana ɗaya a ɗebo matasa masu yawa a zuba. Sai ka tarar da ofishi mai 'yan manya da ke daf da ritaya a sama, tarin sababbi a ƙasa, tsakiya wayam. Babu mai zama da sabon ya duba masa shawarar da ya rubuta kafin ta kai teburin darakta, saboda haka komai sai ya taru a hannun mutum biyu ko uku. Idan kuma alfarma ce ta kawo mutum, ba sha'awar aikin ba, da wuya ya yarda a tura shi Funtuwa, Kafanchan ko Haɗeja, inda Babbar Kotu ke zama nesa da babban birni. Kowa yana son hedikwata. Jiha kamar Kano mai ƙananan hukumomi 44, ko Katsina mai 34, ko Neja da ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, ba za a iya gudanar da ƙararrakinta daga sakatariya guda ba. Ga hanyoyin da matsalar tsaro ta lalata, ga shi wanda ke gurfanar da ɗan fashi ko mai garkuwa da mutane yana komawa gida ne cikin unguwa ba tare da mai gadi ba, kuma dangin wanda ya gurfanar sun san fuskarsa.

Wannan ƙaranci ne ya sa har yau ba a iya raba ɗan sanda da gabatar da ƙara ba. Sashe na 106 na ACJA ya lissafa waɗanda za su gabatar da ƙara, kuma duk lauyoyi ne. Amma da aka zo dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 66 ya bar ƙofa a buɗe ga ɗan sandan da ba lauya ba, gwargwadon abin da dokar wurin ta yarda. Dalili a fili yake: in aka janye su gobe, kotunan majistare da kotunan shari'ar Musulunci da ke ƙauyuka za su tsaya cak. Ingila ta raba aikin biyu a 1986 da ta kafa hukumar gabatar da ƙararraki mai zaman kanta, don kada mai kama mutum ya zama shi ne mai auna ko hujjarsa ta isa. Mu mun rubuta irin wannan niyya a doka, ba mu tanadi mutanen da za su ɗauke ta ba.

Kuma mun ga abin da ofishin nan zai iya idan an ba shi hankali. A farkon 2022 aka kama mai wata makaranta a Kano bisa zargin sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar da kashe ta. Gari ya ɗauka, kwamishinan shari'a da kansa ya jagoranci lauyoyin gwamnati, shaidu suka zo a kan lokaci, kuma ranar 28 ga Yuli na wannan shekara Babbar Kotu ta yanke hukunci. Wata shida ke nan, a ƙarƙashin dokoki iri ɗaya da kotuna iri ɗaya. Abin a yaba ne. Amma kwamishina mutum ɗaya ne, ba zai tsaya a kan kowace ƙara ba. Ɗan dattijuwar nan ba shi da wanda zai yi masa gangami a Facebook, hakkinsa yana rataye ne a wuyan wani lauya mai matsakaicin matsayi wanda ba wanda ya san sunansa.

Maƙwabtanmu na Nijar ba su da wannan gardama ta daidaita albashi a irin siffar da muke da ita, domin tsarin da suka gada daga Faransa ya sa mai gabatar da ƙara da alƙali 'yan rukuni ɗaya ne, dukansu majistarori, mutum yana iya yin wannan aiki yau a mayar da shi wancan gobe. Suna da nasu matsalolin, amma gwaninta ba ta ficewa daga gidan don kawai mutum ya sauya kujera. Kenya kuwa, a tsarin mulkinta na 2010, ta cire ofishin DPP daga ƙarƙashin Antoni Janar ta ba shi 'yancin kansa. A Amurka, inda ofisoshin lauyoyin gundumomi su ma suke kukan matasa na guduwa zuwa kamfanoni masu biya da tsoka, tun 2007 akwai dokar da ke yafe wa ma'aikacin gwamnati ragowar bashin karatunsa idan ya yi shekara goma yana aiki yana biya. Ba na cewa a kwafo ko ɗaya yadda yake. Abin lura shi ne kowannensu ya gane cewa sai an ba mutum dalilin zama.

Batun Kenya ya taɓo wani abu da lauyoyinmu ba sa faɗa da ƙarfi. A nan Antoni Janar shi ne kwamishinan shari'a, ɗan majalisar zartarwa, gwamna ne ya naɗa shi. Akwai nagartattu a cikinsu da ba sa tsoma baki. Amma tsarin ya bar hanya: lauya ya yi wata uku yana haɗa shari'a, sai a kira shi a ce ya kawo fayil ɗin sama, shi ke nan ba zai sake ganin sa ba. Ko kuma idan babbar ƙara ta zo, wadda za ta fito da sunan mutum, a ba lauya mai zaman kansa izini da kuɗi mai kauri, na gida a bar shi da ɗaukar jaka. Wanda aka yi wa haka sau biyu, ko bai ajiye aiki ba zuciyarsa ta riga ta fita. Ofishin da ya cika da masu jiran ritaya bai fi wanda kujerunsa suke wayam ba.

A ganina gyaran farko shi ne wanda ya fi arha. A ware wani ɗan asusu a hannun darakta, a fili, ana bincikarsa, don kuɗin shaidu, man mota da kwafin takardu. Kuɗin bai kai na ciyar da mutum ɗari a gidan yari na shekara ba, sai dai abincin fursuna daga aljihun tarayya yake fita, alhali mafi yawan waɗanda ke tsare laifin dokar jiha ake zarginsu da shi, saboda haka gwamna ba ya jin zafin jinkirin a asusunsa. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali, kuma ranar da jiha ta fara biyan kuɗin tuwon mai jiran shari'a, ranar za ta fara ƙirga kwanakin shawara. Bayan wannan sai albashi: a daidaita shi da na majistare ta hanyar doka, ba da takardar umarni da sabon gwamna zai iya jinginewa ba, a kuma yi tsani mai tsawo ta yadda gwanin gabatar da ƙara zai ci gaba da hawa ba sai ya koma alƙali ba. A riƙa ɗaukar kaɗan-kaɗan kowace shekara, da jarrabawa, a haɗa kowane sabo da babba. Wanda ya yarda ya zauna a shiyya a ba shi gida da alawus na musamman, a kuma gaya masa ranar da zai dawo.

Tafiya dai ba za a hana ta ba, kuma bai kamata a hana ba, domin kotunanmu suna amfana da alƙalan da suka taɓa tsayawa a wancan gefe. Abin da za a iya hanawa shi ne fayil ya mutu da tafiyar mai riƙe da shi. Rajista ta kwamfuta mai sauƙi ta isa: sunan wanda ake tsare da shi, ranar da aka kai shi, ranar da fayil ya iso, lauyan da aka ba, da kwanakin da ya yi a hannunsa. Kowane wata darakta ya zauna da wakilin 'yan sanda, na gidan gyaran hali da na hukumar ba da agajin lauya, su bi ta suna bayan suna. Da akwai irin wannan rajista a ranar, da matashin lauyan nan bai rubuta sunan yaron a bayan wani fayil ba. Da ya duba wayarsa a nan bakin ƙofa ya gaya wa dattijuwar ko fayil ɗin ya iso, da wanda yake hannunsa, da ranar da za ta dawo.